Don Allah Mai Littafin Ta Turo Mini

 Yau dai ba labari na kawo muku ba, babu Alhaji babu kishiya babu saurayi mai mota, magana ce tafe da ni, kuma na san akwai waɗanda ba za ta yi wa daɗi ba, to sai dai a yi haƙuri, domin kuwa abin ya daɗe yana cin mu a rai mu marubuta, muna ta ƙunƙuni a tsakaninmu, alhali waɗanda ya kamata su ji ba su ji ba.

Maganar kuwa ita ce ta wannan 'yar jimla da na ɗora a saman takarda. Duk wadda take cikin wani zauren mata na WhatsApp ta san ta, ko dai ta ga an rubuta ko kuma ita da hannunta ta rubuta. "Don Allah mai littafi kaza ta turo mini, Allah ya ba da lada." Kafin ki ƙifta ido wata ta cillo shi tun daga shafin farko har ƙarshe, sai godiya ta ɓarke, wannan ta ce Allah ya saka, waccan ta ce Allah ya bar zumunci, har da masu addu'ar Allah ya kai iyaye Makka. Duk cikinsu babu mai tsayawa ta ce shin ita mai littafin ta sani kuwa? Domin "mai littafin" da ake nufi a nan ai ba wadda ta rubuta ba ce, wadda ya faɗo cikin wayarta ce. To ni abin da na zo in faɗa ke nan ƙarara, wannan abu sata ce, kuma sanya "don Allah" a gabansa da "Allah ya ba da lada" a bayansa bai mai da shi sadaka ba, tunda ba a yin kyauta da kayan wani.

Bari in ɗan koma baya saboda ƙannenmu da suka buɗe ido suka ga waya a hannu. Iyayenmu a wannan sana'a, irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, da Hajiya Bilkisu Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, da biro suke rubutu a littafin makaranta, a kai wa mai buga rubutu ya buga, a kai maɗaba'a, a yi bango, sannan a ɗauka a kai wa 'yan kasuwar littafi a Kano, daga nan ya bazu har Maraɗi da Damagaram da duk inda ake jin Hausa. Su ma sun sha wuya, domin sau da yawa bashi ake karɓar littafin, kuɗin kuma sai an yi ta sintiri, wani ma ya bi ruwa. Amma duk da haka duk littafin da kika gani a hannun mutum to akwai wanda ya fitar da kuɗi ya saye shi. Daga baya takarda ta gagara. Masana'antun takarda da ƙasar nan ta gina a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun durƙushe, takarda sai an shigo da ita da dala, da aka saki naira kuwa a 2023 har dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai bugun littafi ya zama sai wane da wane. Tun kafin nan ma da yawanmu mun riga mun koma waya. Yau marubuciya da babban yatsa take rubutu, tana goye da yaro, tukunya tana kan wuta, tana lissafin cajin da ya rage.

Yadda ake cinikin kuwa kowa ta sani. A saki shafukan farko kyauta a matsayin ɗanɗano, in labari ya ɗauko daɗi sai a ce mai son ci gaba ta biya. Ni nawa naira 500 ne. Ki tura ta banki ko ki turo katin waya, a saka ki a zauren waɗanda suka biya, kullum a ba ki shafinki. To a cikin wannan zaure ne, cikin waɗanda suka biya ɗin, ake samun wadda za ta riƙa kwashe shafukan tana tarawa, ranar da aka kammala ta haɗe su wuri guda ta fitar. Zauren WhatsApp guda yana ɗaukar mutum 1,024. Na Telegram kuwa har 200,000. Ke yi lissafi da kanki 'yar'uwa, naira 500 ɗin mutum ɗaya ta ciyar da mutum nawa, ita kuwa wadda ta yi wata huɗu tana rubutu ta tashi da me?

Na san amsar da ke bakinki, domin na sha jin ta. Za ki ce haba malama, ai aron littafi ba yau aka fara ba, da can ma mutum ɗaya ke saye unguwa guda ta karanta, ga kuma shagunan haya, me ya sa ba a ce musu ɓarayi ba sai mu? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma a kanta nake so mu daɗe, domin a nan ne duk ruɗanin yake.

Gaskiya ne an yi aro, kuma an yi haya. Ina yarinya ni ake aike gida-gida in karɓo wa yayyena na biyu in mayar da na ɗaya, a ɓoye cikin hijabi kada Baba ya gani. Amma ki tuna yadda littafin aro yake. In ya fita daga ɗakinki to ya bar ki, ba ki da shi sai an dawo miki da shi, shi ya sa ake faɗa a kansa, shi ya sa ake rubuta suna a bango har da gargaɗi. Kamar turmi ne, in maƙwabciya ta ara to ke kin haƙura da daka sai ta gama. In gida biyar suna son daka a lokaci guda, dole wata ta gaji da jira ta sa a sayo mata nata, masassaƙi ya samu ciniki. Haka littafi yake, mai zumuɗin jin yadda Hajiya ta ƙare da kishiyarta ba ta iya jiran layi, sai ta fasa asusu ta aika a sayo. Sannan takarda tana tsufa, bango ya yage a liƙe da salatif, miya ta zuba, yaro ya yaga shafin ƙarshe, ɓera ya ci gefe. Littafin da ya zaga hannu 20 ya gama yawo, mai shagon haya dole ya koma kasuwa ya sake sayen wani. Ashe aron nan da hayar nan suna da iyaka, kuma iyakar ce take mayar da mutane wurin mai sayarwa, har a yi bugu na biyu da na uku.

To waya ba haka take aiki ba, kuma ina so ki gane wannan ko da ba ki taɓa zama gaban kwamfuta ba, don ita wayar da ke hannunki ƙaramar kwamfuta ce. In kika danna kika tura littafi, ba ɗauke shi aka yi daga wayarki aka kai ta ƙawarki ba. Naki yana nan daram. Wani sabo aka haifa, iri ɗaya sak, babu ragin ko wasali guda. Ita ma ta tura wa mutum goma, an haifi goma, nata yana nan. Ba ya yagewa, ba ya tsufa, ba a jiran layi, ba a cewa dawo mini da abina. Wato abin da kika yi ba aro ba ne, bugu ne. Aikin da maɗaba'a take yi da inji da tawada da ma'aikata, shi kika yi da yatsa ɗaya kina kwance a kan gado. Da a shekarun baya aka ce wata mata ta sayi littafin Anti Bilki guda ɗaya, ta kai maɗaba'a a ɓoye ta buga 1,000 ta tsaya bakin kasuwa tana rabawa, me za a kira ta? Ko da kyauta ta raba, ai ta kashe wa mai shi kasuwa. To bambancinki da ita kawai shi ne ita ta sha wahala ta kashe kuɗi, ke kuwa ko tashi zaune ba ki yi ba.

Sai kuma masu cewa babu kuɗi, gari ya yi zafi. Wallahi gari ya yi zafi, ni ma a cikinsa nake, ba daga Dubai nake rubutu ba. Amma mu yi wa juna adalci. Wayar da kike karatun da ita, Tecno ce ko Itel, saye aka yi. Data saye kike yi, kuma da Hukumar Sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, an yi surutu an yi tsaki, amma ban ga wadda ta ajiye waya ba. In babu wuta ki ba yaro ya kai wa mai caji, shi ma biyansa ake yi. Kamfanin waya ya ci, kamfanin layi ya ci, mai caji ya ci, duk a kan littafin nan da kika raba dare kina karantawa. Mutum ɗaya ce tak a cikin wannan layi aka ce ita kada ta ci, ita ce wadda ta rubuta abin da ya hana ki barci. Me ya sa? Don ita ce marar ƙarfi. Kamfanin layi in ba ki biya ba ya datse, babu don Allah babu don Annabi. Ita kuwa mace ce irinki a cikin ɗaki, ba ta da abin datsewa. Kuma kada mu yaudari kanmu, wadda ta fitar da kuɗin anko sau uku a wata ɗaya, ga lalle ga gyaran kai, ba naira 500 ce ta gagare ta ba, raina abin ta yi. Wadda kuwa da gaske ba ta da shi, ga littattafan kyauta nan burjik da masu su suka saki da yardarsu, ko kuma ta yi wa marubuciyar magana kai tsaye. Na san da yawa a cikinmu da ba sa mayar da irin wannan roƙo, domin kyautar da mai abu ya yi da hannunsa ita ce kyauta.

Duk wannan fa masu rabawa a banza ke nan. Akwai waɗanda suka fi su, su ne masu ci da guminmu. Wani zai buɗe shafi a intanet ya tara littattafan mata ɗari-ɗari, ya cika gefe da gefe da talla, duk wadda ta shiga saukewa kuɗi ne yake shiga aljihunsa. Wata za ta buɗe nata zauren ta ce a biya ta naira kaza a wata a samu duk sabon littafin da ya fito, wato ta kafa shago da kayan da ba ta saya ba. Sai kuma uwa-uba masu karantawa a YouTube. Kin san dalilin da ya sa suka fi son littattafanmu? Ka'idar YouTube ce sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awannin kallo 4,000 a cikin shekara kafin ta fara cin kuɗin talla. Awa 4,000 ba wasa ba ce ga mai ɗora waƙar minti biyar. Amma littafi guda in aka karanta shi da murya yana iya cin awa goma ko fiye, kuma uwargida za ta kunna ta ajiye a gefen murhu tana aiki tana saurare har ya ƙare. Babu abin da ke tara awanni da sauri kamar labarinmu. Shi bai yi tunanin komai ba, bai ƙirƙiri ko suna ɗaya ba, makirufo kawai ya saya, ana biyansa da dala. Wani mai irin wannan tasha ya taɓa karance littafina kaf, har ya canza masa suna ya sa wani mai jan hankali da hoton wata 'yar fim, sunana kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba. Da na yi masa magana, buɗar bakinsa sai ya ce wai kamata ya yi in gode masa, talla ya yi mini. Tallan me, bayan ka raba kayan duka, kuma ko sunan mai kayan ba ka faɗa ba?

Ba na ƙin karatun murya, kada a yi mini mummunar fahimta. Akwai iyayenmu da ba su yi boko ba, akwai masu larurar gani, akwai wadda aiki bai bar ta ta riƙe waya ba, duk suna jin daɗinsa, kuma akwai masu tashoshi 'yan halak da suke zuwa su nemi izini a yi ciniki su biya. Waɗannan Allah ya yi musu albarka. Samuwarsu ma ita ce hujjar cewa sauran ba rashin sani ke damunsu ba.

Yanzu bari mu zo kan doka, domin da yawa suna zaton wai babu dokar da ta san da zaman abin da ke cikin waya. Akwai ta. A 1988 zamanin Babangida ƙasar nan ta yi dokar haƙƙin mallaka, sai dai waccan an yi ta ne lokacin kaset da injin hoto. An sake sabuwa, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ita ta shigo da maganar intanet ƙarara. A ƙarƙashinta, da zarar kin rubuta labarinki, a takarda ne ko a waya, ya zama naki, ba sai kin yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana da hanyar yin rajistar ga mai so don ta zama shaida. Ke kaɗai ke da ikon ki ce a kwafa, a raba, a fassara, a mai da shi fim, a karanta wa jama'a ko a ɗora a intanet. Wannan iko yana nan tsawon ranki, bayan ranki kuma ya zama gadon 'ya'yanki har shekara 70. Ki duba fa, Alhaji Abubakar Imam ya rasu tun 1981, amma har yau rubutunsa bai fita daga inuwar doka ba, balle na wadda take raye tana neman kuɗin makarantar yara. Wanda ya ɗora aikin wani a intanet don neman kuɗi ba da izini ba, dokar ta ce laifi ne mai tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Mai rabawa kyauta ma ba ta kuɓuta ba, mai littafi tana da damar kai ta kotu ta nemi diyya. Dokar ta kuma ba mai abu damar rubuta wa kamfanin da aka ɗora kayanta a kansa ya sauke, sannan ta yi sassauci na musamman don a samar wa makafi littattafai ta hanyar da za su amfana. Shi kansa YouTube yana da fom na ƙorafi, kuma tashar da aka kama sau uku a cikin kwana 90 rufe ta ake yi.

To ga doka a takarda, kyakkyawa da ita. Sai dai kash, wace marubuciya ce a cikinmu take da kuɗin lauya a kan littafin naira 500? Sannan saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya, shi kansa kamfanin ba ya ganin abin da ke ciki, balle wata hukuma. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, in dai maganar a duba abin da muka rubuta ne, a ce wannan ya ɓata tarbiyya wancan ya wuce gona da iri, to nan da nan za ki ga hukumomi sun miƙe tsaye. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a bainar jama'a a wata makarantar 'yanmata a Kano. Amma in maganar a kare mana guminmu ne, sai ki ji shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wanda ya san hanyar gidanki ranar da zai yi miki faɗa, ya kamata ya san ta ranar da ɓarawo ya shiga miki. Kuma wutar 2007 ba ta kashe rubutu ba, bayanta an rubuta ninkin abin da aka ƙona. Abin da wuta ta kasa shi ne yatsun masoyanmu suke yi a hankali, suna yi suna yi mana addu'a.

Akwai kuma masu fakewa da addini su ce ai ilimi ba a sayar da shi. Ikon Allah! Jiya kun ce littattafanmu shirme ne da hululu, yau da aka zo biya sun zama ilimi? To ko ilimin ne, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988 ta yanke cewa haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Ni ba malama ba ce, iyakata ke nan, mai son ƙarin bayani ta tambayi malamin Islamiyyarsu.

Wata kuma ta taɓa jefo mini magana a zaure, ta ce ku marubutan da kuke ta kuka, ai ku ma fim ɗin Indiya kuke juyewa ku canza sunaye, sannan kwamfutocin shagunan da ake tsara muku littafi duk manhajar Microsoft ta sata ce a ciki, wa ya biya? Ba zan kare kowa ba. Marubuciyar da ta kwashe labarin wani, na Indiya ne ko na Koriya ko na 'yar'uwarta ta nan gida, ta sa sunanta, ita ma ɓarauniya ce, dokar nan guda ce ta hau kanta. Mai shagon da ke aiki da manhajar da aka fasa shi ma ya san abin da yake yi, alhali ga irin su LibreOffice nan waɗanda masu su suka ce kowa ya ɗauka kyauta. Amma don an yi sata a gidan maƙwabci ba shi ne ya halatta miki shiga nawa ba. Kuma ki dubi wanda kike kwatanta ni da shi, kamfanin da ya fi wasu ƙasashe kuɗi, ni kuwa in littafi bai yi ciniki ba to a tukunyata ake gani.

Tunda na taɓo 'yan'uwana marubuta bari in ƙarasa musu. Wasunmu su suka koya wa makaranta rashin amana. A karɓi kuɗin mutane a yi shafi 30 a ɓace, yau ciwon kai gobe waya ta lalace, shekara ta zagayo ba a kammala ba. Wadda aka yi wa haka sau biyu, gobe in ta ga na banza ai sai ta ce ta rama. Wasu kuma kafin ki kai ga labarin sai kin tsallake rabin shafi na Allah ya isa da tsinuwa har jikoki, abin da ba ya tsorata ɓarawo sai dai ya ɓata wa mai gaskiya rai. Sannan ke ƙanwata mai tasowa, in wani ya zo sayen littafinki don fim ko don karatun murya, kada ki yarda da "ai mun zama ɗaya". A rubuta. Doka ta ce sayar da haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, to a rubuta ko na shekara nawa ne, a wace tasha, nawa za a biya, kuma a ambaci sunanki. Ki ajiye rubutunki na farko da ranakun da kika tura shi, wata rana su ne shaidarki.

Abin da nake so uwargida ta duba da kyau shi ne wannan. Kullum kuka ake yi wai littattafan yanzu sun lalace, babu darasi sai batsa, ina irin na da? To ina kike zaton masu rubuta irin na da suka tafi? Suna nan da ransu, sun koma sayar da atamfa da turaren wuta a wannan wayar dai, domin atamfa ba a tura ta a zaure. Littafin da aka zauna aka yi masa bincike, aka tambayi likita aka tambayi lauya aka gyara Hausarsa, wata shida yake ci, kuma rana ɗaya ake fitar da shi. Mai rubuta batsa kuwa a sati uku ta gama, masu sonta suna rige-rigen biya tun kafin a fitar don ba sa iya jira, ta kwashi nata ta fara wani. Kasuwar da ba ta biyan mai haƙuri dole mai gaggawa ya gaje ta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna irin matan da muke da su masu alƙalami, duk shekara sai an ga sababbin sunaye, amma gasa sau ɗaya ce a shekara kuma mutum uku ke hawa matakin farko zuwa na uku, sauran fa da me za su ci gaba? Ke da kike tura littafin kirki a banza, sannan ki dawo kina tsaki a kan abin da kika kama 'yarki tana karantawa, ki sani da hannunki a ciki.

Ni dai ga shawarar da na yanke a kan littafina mai fitowa. Ba zan ƙara zuba shi a zaure ba. Kowace mai saye za ta karɓi nata ita kaɗai, kuma kowane kwafi da 'yar alamarsa a ciki wadda ni kaɗai na san inda take, a wani sunan mai aikin gidan ne zai bambanta, a wani launin mayafi, a wani sunan unguwa, ina da littafin da nake rubuta wa na ba wanne. Aiki ne ja, zai ci mini dare da data, amma ranar da ya fito yawo zan buɗe in duba in san ta hannun wa ya fita. Ba zan zage ta ba, ba zan ja mata Allah ya isa ba. Zan cire ta daga cikin masu sayen littafina, in sanar da sauran marubutan da muke tare, in kuwa na tarar sayarwa take yi ko ta ba mai tasha, to mu biyar muka yi magana za mu haɗa kuɗin lauya guda.